Motar Tsohuwa Ko Motar Haya? A Bincika Kafin A Biya

Kwanakin baya na raka wani ƙanena garaj a nan Akra, domin yana neman ƙaramar Corolla da zai shiga aikin ɗaukar fasinja da ita. Muna isa dillali ya tare mu da fara'a, ya kai mu gaban wata fara fat, ya shafa bayanta ya ce, "Alhaji, wannan hom-yus ce ta gaske. Wata tsohuwa ce ke hawanta a Amurka, daga gida sai coci." Ban ce masa komai ba, amma a raina na ce, in da duk motocin da ake jingina wa wannan tsohuwa nata ne, to lallai ta fi gwamnatin Amurka yawan motoci.

Da ya miƙo makulli sai na ga guda biyu ne an ɗaure su wuri ɗaya da wayar ƙarfe wadda ba ta kwancewa sai an datse. Wannan kuwa aikin kamfanonin haya ne, domin kada makullan su rabu. Ashe tsohuwar tamu kamfani ce.

To, mai karatu, kada ka ɗauka cewa zan yi motar da ta fito daga haya ba ta sayuwa. Sau da yawa ma ta fi wadda ake yi wa kirari lafiya. Abin da ya kamata mutum ya sani shi ne wace irin haya ta yi, kuma ta wace ƙofa ta fito daga hannun masu ita.

Haya iri biyu ce

A Amurka da Kanada, inda mafi yawan ƙananan motocinmu ke fitowa, akwai haya ta dogon lokaci wadda suke kira lis. Mutum zai je wurin dila ya ɗauki sabuwar mota dal, yana biyan kuɗi wata-wata, galibi har wata 36, sa'an nan ya mayar. Motar ba tasa ba ce, ta banki ce ko ta kamfanin da ya ba da kuɗin. A cikin yarjejeniyar ana ƙayyade masa tafiyar da zai yi a shekara, yawanci tsakanin mil 10,000 zuwa 15,000, kuma kowane mil da ya ƙara a kai sai ya biya tara. Ranar mayarwa ana duba ta ciki da waje, in an ga lotsewa ko ƙunar sigari a kujera a caje shi. Saboda haka irin wannan direba yana lallaɓa mota, ko ba don Allah ba don aljihunsa. Ga shi kuma mutum ɗaya ne ya riƙe ta, a shekarun da garantin kamfani bai ƙare ba.

Sai dai akwai wani hanzari. Wanda ya san zai mayar da abu ba ya kashe masa kuɗin da ba a tilasta masa ba. Shekara uku kuwa daidai lokacin ne da tayoyi da birki da batir suke fara neman canji. Watau ya ci daɗinta, ya bar maka hidimar. In ka sayi irin wannan mota, ka ware kuɗin waɗannan abubuwa tun kafin ka yi ciniki.

Iri na biyu ita ce hayar kwana-kwana, ta kamfanoni irin su Hertz da Avis da Enterprise, waɗanda ake samu a kowane filin jirgin sama. Mota ɗaya ɗaruruwan mutane ne ke hawanta. Wani ya iya tuƙi, wani bai iya ba, wani kuma ya san gobe zai ajiye ta ya hau jirgi, don haka ba ruwansa da rami ko dandamalin gefen titi. Wannan shi ne aibinta, kuma ba ƙarami ba ne. Amma a ɗaya gefen, babban kamfani ba ya wasa da juyen baƙin mai, domin mota ce jarinsa, kuma akasarin tafiyar da aka yi da ita a kan manyan hanyoyi ne, wadda ba ta cin inji kamar tsaya-tashi na cikin gari. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai su sayar su zuba sababbi. Shi ya sa za ka gan ta ƙarama a shekaru, amma ta ci tafiya mai yawa.

Har doka ma ta shigo cikin lamarin. A shekarar 2004 wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, sun mutu a Kalifoniya cikin motar haya wadda masu ƙera ta suka riga suka yi shelar a dawo da ita gyara amma ba a kai ba. Mahaifiyarsu ta yi ta fafutika har aka kafa doka, wadda ta fara aiki a 2016, ta hana manyan kamfanonin haya bayarwa ko sayar da motar da aka yi wa irin wannan shela sai an gyara. Mai mota na gida babu wanda ya ɗora masa wannan wajibi.

Kazalika kada a manta da abin da annobar korona ta jawo. A watan Mayu na 2020 kamfanin Hertz ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi, kamfanonin haya kuma suka yi ta sayar da motoci saboda babu matafiya. Da harka ta dawo a 2021 sai ga ƙarancin sababbin motoci, saboda masana'antu sun rasa 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ake sa musu. Dole kamfanonin suka riƙe na hannunsu fiye da yadda suka saba. Don haka motar haya ƙirar waɗannan shekaru ta fi na da shan wahala, kuma su ne yanzu suke cike garaj-garaj ɗinmu.

Akan kuma sami motar haya da aka rage wa kaya tun daga masana'anta. A 2009 jaridar Kansas City Star ta bankaɗo cewa kamfanin Enterprise ya yi odar motoci Chevrolet Impala kusan 66,000 ba tare da jakar iska ta gefe ba, alhali wadda ake sayar wa kowa tana da ita. Tsohon labari ne, amma yana nuna cewa suna ɗaya da ƙira ɗaya ba su ne kaya ɗaya ba.

Ƙofar da ta fito

Nan ne gizo yake saƙa. Motar haya mai lafiya, kamfani yakan sayar da ita a filinsa, ko ya kai ta gwanjon diloli irin na Manheim. Wadda ta yi mummunan hatsari, ko ruwa ya shanye ta, takan ƙare ne a gwanjon Copart ko IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da abin da suka ga gyaransa bai biya ba, kuma a buga wa takardarta hatimin cewa ta salwanta. Mai shigo da mota da ke lissafin kuɗin jirgi da na fito a Tema, wace kake jin zai fi zuwa nema? Araha ce ke jansa. Motar za ta sauka da murƙushasshen gaba, a kai ta wurin masu bugun ƙarfe da fenti, a nemo mata kaya a Abossey Okai ko Suame Magazine, bayan mako uku ta fito kamar amarya. Mutanenmu gwanaye ne a wannan aiki, ban raina musu ba. Abin da ba a cika mayarwa ba shi ne jakar iskar da ta riga ta fashe, domin tsada gare ta kuma ba a ganinta. A liƙe murfin sitiyari, a kashe fitilar gargaɗi, shi ke nan.

Maganin wannan yana rubuce a jikin motar, watau lambar shasi, wadda Turawa ke kira VIN. Tun daga 1981 haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I ko O ko Q a cikinsu. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da kuma a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya. Na goma kuwa shekarar ƙira ce: H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022. Dillalin da ya ƙara wa mota shekara biyu, wannan harafi ɗaya ya isa ya ƙaryata shi.

Ka rubuta lambar a Google da wayarka. In ta bi ta gwanjon masu hatsari, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo suna nan, ka ga yadda take kafin fenti. Sa'an nan ka biya 'yan kuɗi kaɗan a ciro maka rahoton Carfax ko AutoCheck, wanda yakan faɗi ko ta yi lis ko hayar kwana-kwana, a wace jiha ta zauna, da abin da agogon tafiyarta ya nuna a lokuta daban-daban. In ta zauna Texas lokacin guguwar Harvey a 2017, ko Florida lokacin Ian a 2022, ka ɗaga kafet ka sansana, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. In daga Kanada ce ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, ka sa a ɗaga ta ka leƙa cikinta. Amma kada ka ɗauki rahoto mai tsabta a matsayin rantsuwa. Manyan kamfanonin haya sukan gyara ƙananan hatsari a gidansu ba tare da inshora ta sani ba, don haka ba ya shiga rahoto. Idon fita ne kaɗai zai gano wannan.

A tuna kuma agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. In ka ga 50,000, to kilomita 80,000 ke nan.

Wadda hayarta ba ta ƙare ba

Duk abin da na ambata a sama asarar gyara ce. Akwai wadda ta fi ta, inda mota da kuɗi duk sukan tafi. Na ce motar lis ta banki ce. To akwai ɓata-gari da ke ɗaukar mota haya, wani lokaci da takardun bogi, su cusa ta cikin kwantena ta kamo hanyar Afirka ta Yamma. Masu ita su kai ƙara, lambarta ta shiga kundin motocin sata na Intafol. A watan Disamba na 2022 hukumar EOCO, tare da 'yan sandan FBI na Amurka da na Kanada, ta ƙwace motoci 37 daga garaj-garaj a Akra bisa zargin sato su aka yi daga can. Wanda ya sayi irin wannan mota da kuɗinsa na halal, ya biya fito, ya yi rajista a DVLA, duk wannan ba ya mayar da ita tasa. Ranar da aka zo ɗauka, sai dai ya bi dillali, in ya same shi.

Don haka ka nemi ganin takardar mallaka ta asali, da takardar jirgin da ya ɗauko ta, da ta kwastan, ka tabbata lambar shasi ɗaya ce a cikinsu duka da wadda ke jikin motar. In babbar mota ce mai tsada kuma farashin ya yi daɗi fiye da kima, ka je ofishin Intafol da ke hedikwatar 'yan sandan ciki a Akra a duba maka kafin ka ba da ko sidi ɗaya.

A nan sai na taɓo halinmu na Zango. Yawancin cinikinmu na amana ne. Ɗan'uwa boga ya turo mota daga Bronx, ko abokin baba ne ke da garaj, sai kunya ta hana mutum ya ce a nuna masa takarda, a ƙarshe ya yi cinikin biri a sama. Alhali shi kansa ɗan'uwan mai yiwuwa wani ne ya sayar masa a can, bai san asalinta ba. Neman takarda kare shi ne kamar yadda yake kare ka.

Hayar gida

Mu ma muna da tamu hayar. Tun da Uber ta shigo Akra a 2016, wasu irinta suka biyo baya, tsarin wok-an-pe ya ƙara bunƙasa: direba yana kawo kuɗi mako-mako, bayan shekara biyu ko uku mota ta zama tasa. Irin wannan mota ta yi aiki dare da rana cikin cunkoson Circle da Kaneshie, kuma direban da ke fama da biyan mako ba ya saurin zuwa juyen mai. Tsohuwar tasi tana da sauƙin ganewa, domin in ka buɗe bonet ko but sau da yawa za ka ga ragowar rawayan fenti a lungunan kusurwoyinta. Ta masu aiki da waya ba ta da wannan alama, sai dai ka duba kujerar baya da hannayen ƙofofin baya, ka ga ko sun tsufa fiye da shekarun motar. Babbar tambaya ita ce: ya gama biya? Sunan wa ke takardar DVLA? In na mai motar farko ne ko na banki, to da su za ka yi ciniki, kuma a je a canja suna tare da kai. Motocin da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji ke sayarwa galibi suna da kulawa, sai dai da yawansu sun shigo ba fito, mai saye ne zai biya kwastan.

Mu koma kan farar Corolla. Mun ciro rahotonta a nan take. Ta yi hayar kwana-kwana shekara biyu a Florida, ba hatsari, kuma lissafi na ƙarshe da aka rubuta mata mil 51,000 ne. Agogonta a gabanmu yana nuna 29,000. Dillali ya ce shi ma haka aka kawo masa, mai yiwuwa kuma gaskiyarsa ce. Muka yi sallama.

Bayan mako biyu ƙanena ya sami wata a Tema, wadda mai ita ya faɗa da bakinsa cewa ta haya ce, ya kuma ajiye takardunta a kan bonet. Muka je da sassafe da fitanmu domin a tayar da injin yana sanyi, ya jona mata na'urar bincike, ya duba man giya, saboda irin giyarta ta CVT ba ta karɓar kowane mai. Ya ce tayoyi biyu da birkin gaba sun kusa ƙarewa. Aka cire kuɗinsu daga farashi, muka wuce DVLA tare da mai motar.