KABAD MAI KWANCEWA: Yadda Ake Tsara Shi da Inda Ƙarfinsa Yake

Duk ma'aikacin da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki, ko magidancin da ya tashi daga wani gidan haya zuwa wani, ya san cewa a cikin kayan ɗaki babu mai wuyar ɗauka kamar kabad ɗin tufafi, wanda wasu ke kira wadirob. Gado ana kwance shi, katifa ana naɗe ta, kwanuka ana jera su a buhu, amma kabad ɗin da kafinta ya haɗa da ƙusa da gam sai dai a ɗauke shi ɗungurungum. Sau da yawa ƙofar ɗaki takan yi masa kaɗan, sai an cire ƙyaure kafin ya fita. In ya isa inda za shi kuwa, a tarar madubi ya tsage, ko ƙafa ɗaya ta karye.

Wannan wahala ce ta sa masu ƙera kayan katako a ƙasashe da dama suka daɗe suna neman hanyar yin kabad wanda za a iya kwancewa falle-falle, a ɗaure a kwali, a kai shi wani wuri, mai shi da kansa ya sake harhaɗa shi ba tare da ya nemi gwani ba.

Lissafin da ke bayan wannan dabara mai sauƙi ne. A ɗauki kabad mai tsawon santimita 200, faɗi 100, zurfi 60. In yana tsaye, wurin da yake cinyewa a cikin mota ya kai mita ɗaya da kashi ɗaya cikin biyar, a ma'aunin da ke haɗa tsawo da faɗi da zurfi. Amma in aka kwance shi, aka jera allunansa ɗaya bisa ɗaya, watau gefuna biyu da sama da ƙasa da kantoci biyu da ƙofofi biyu da allon baya, duka-duka kaɗan za su ɗara kashi ɗaya cikin goma na wancan wuri. Ma'ana, wanda ya yi hayar mota don ɗaukar kabad a tsaye, kusan kashi tara cikin goma na kuɗinsa iska ya biya wa.

Asalin dabarar

Hafsoshin sojan Ingila na ƙarni na 18 da na 19 suna cikin waɗanda suka fara matsa wa kafintoci lamba a kan wannan. Da yake ba su da mazauni ɗaya, yau suna Indiya gobe suna Afirka, sai aka riƙa yi musu akwatunan tufafi masu aljihuna waɗanda ke rabuwa gida biyu, na sama da na ƙasa, don dabba ko ɗan dako ya iya ɗaukar kowane rabi. Akan lulluɓe kusurwoyinsu da tagulla saboda bugu, a nutsar da mariƙan aljihunan cikin katakon don kada su sarƙe da wani abu a hanya, ƙafafun kuma a yi su yadda za a iya murɗe su a cire. Irin gadaje da tebura masu naɗewa da Turawan mulki suka riƙa fita rangadi da su a ƙasar Hausa daga wannan gida suka fito.

Wanda ya mayar da abin sana'ar masana'anta shi ne Michael Thonet, Bajamushe mai aikin katako wanda ya zauna a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A cikin shekarar 1859 ya fito da wata kujera da aka sani da Lamba 14. Guntayen katako shida ne kawai a jikinta, waɗanda aka tanƙwara da tururi, sai 'yan sukurori da noti na ɗaure su. In aka kwance ta, kujera 36 ke shiga akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska. Da haka aka yi ta aika ta ƙasashen duniya ta jirgin ruwa, a haɗa ta a inda ta sauka.

Bayan haka wasu sun biyo sawu. A cikin shekarun 1940 wani babban kanti a ƙasar Suwidin, Nordiska Kompaniet, ya sayar da kayan ɗaki masu suna Triva waɗanda mai saye ke haɗawa a gida. A Amurka kuma kamfanin Sauder da ke jihar Ohayo ya fito da tebur irin wannan a 1951. Amma sunan da ya fi yin fice shi ne IKEA, kamfanin da Ingvar Kamprad ya kafa a Suwidin a 1943. Labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne, a 1956 wani ma'aikacinsa mai zayyana, Gillis Lundgren, ya yi ƙoƙarin saka wani tebur a mota ya ƙi shiga, sai ya cire masa ƙafafu. Daga nan kamfanin ya ɗauki al'adar tsara kayansa tun daga farko don su shiga kwali shimfiɗaɗɗe, aikin haɗawa kuwa ya koma hannun mai saye, farashi ya sauka.

Abin da mai zayyana ke aunawa

Mai tsara kabad yakan fara ne daga tufar da za a saka a ciki. Hangar da ake rataye kwat ko taguwa faɗinta yakan kai santimita 40 zuwa 45, saboda haka zurfin kabad na ratayewa ba ya sauka ƙasa da santimita 55 zuwa 60, in ba haka ba hannun riga zai riƙa gogar ƙofa. Doguwar riga tana bukatar fili kamar santimita 150 ko fiye daga sandar ratayewa zuwa ƙasa, gajeriya kuwa kimanin 100 ya ishe ta.

Bayan tufa sai ɗaki. Galibi a kwance ake haɗa kabad, sa'an nan a miƙar da shi. A lokacin miƙarwa, tsawon da ke aiki shi ne wanda ya tashi daga kusurwar ƙasa zuwa kishiyarta ta sama. Kabad mai tsawon santimita 200 da zurfin 60 yana bukatar rufin ɗaki da ya kai santimita 209 kafin ya iya miƙewa. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai gama aikinsa tsaf, ya tarar kabad ya tokare da silin.

Kazalika dole a duba nauyin kowane allo, domin ana son mutum ɗaya ko biyu su iya ɗauka, su bi da shi ta lungu ko matakala. Shi ya sa ake raba babban kabad zuwa ƙananan sassa masu faɗin santimita 50 ko 100, a jera su gefe da gefe a ɗaure. Mai ɗaki ɗaya ya fara da sashe guda, in hali ya samu ya ƙara wani.

Mahaɗa ita ce ran aikin

Bambancin kabad mai kwancewa da na kullum yana wurin mahaɗa, watau inda allo ke gamuwa da allo. Ƙusa da gam suna riƙewa da kyau, amma sau ɗaya suke aiki, cire su kuwa ɓarna ne. Don haka sai aka ƙirƙiro wasu hanyoyi. Akwai ɗan turken katako mai kamar guntun fensir, wanda ke shiga huda biyu masu fuskantar juna ya daidaita allunan. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe zagayayye da ake nutsarwa a jikin allo: in aka murɗa shi rabin zagaye sai ya kama kan wani sukuru da ke ɗaya allon, ya jawo shi ya matse, in aka murɗa shi baya sai ya saki. Ana kuma haɗa wa mai saye ɗan makulli mai kusurwa shida a cikin kwalin, don kada rashin kayan aiki ya tsayar da shi. A cikin shekarun 2010 IKEA ya ƙaro wani turken katako mai tsage-tsage wanda ake zurawa cikin gurbinsa ya kulle kansa, ba sukuru ba makulli.

Domin waɗannan mahaɗai su dace da juna, masana'antun Turai sun yarda da ma'auni guda wanda ake kira tsarin 32. Ana jera huda a gefen allo daga sama har ƙasa, faɗin kowace milimita 5, tsakanin ɗaya da ɗaya milimita 32, layin farko kuma yana nesa da bakin allon da milimita 37. Amfanin wannan shi ne, kanta da aljihu da sandar ratayewa da ƙarfen da ke riƙe ƙofa duk suna hawa kan hudojin nan, mai kabad yana iya ɗaga kanta ko ya saukar da ita yadda ya ga dama.

Wani abin da mutane ke rainawa shi ne allon baya. Shi ne mafi sirantaka, sau da yawa kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, alhali kuwa shi ke hana kabad karkacewa. Alluna huɗu da aka haɗa kusurwa-kusurwa, in aka tura su daga gefe, sai su kwanta kamar kwalin da aka ɓalle wa gindi. Allon baya ne ke riƙe kusurwoyin a miƙe. In aka kafa shi a karkace, ko aka rage masa ƙusoshi don gaggawa, ƙofofi ba za su taɓa haɗuwa daidai ba.

Takardar bayani ma wani ɓangare ce ta zayyanar. Manyan kamfanoni sukan yi ta da zane zalla, ba rubutu, mataki bayan mataki, don ta yi aiki a kowace ƙasa, mai karatu da wanda bai yi ba. Gwanin mai zayyana kuwa yakan rage yawan ire-iren sukurori, ya kuma tsara allunan yadda ba za su shiga a juye ba.

Araha ba ta ado

Sauƙin nan yana da farashinsa. Yawancin irin waɗannan kabad ba da falankin itace ake yin su ba, da allon tsakin katako ne wanda aka kwaɓa da gam aka matse, aka lulluɓe shi da wata fata mai sheƙi. An fara yin irin wannan allo don kasuwa a birnin Bremen na Jamus a 1941, lokacin da yaƙi ya jawo ƙarancin katako. Yana da araha, yana da santsi, ba ya tanƙwarewa kamar ɗanyen falanki. Amma ruwa abokin gabansa ne: in ya jiƙe sai ya kumbura ya rududduge, ba ya kuma komawa yadda yake. Har ila yau, in aka murɗa sukuru kai tsaye a jikinsa, aka cire, aka sake murɗawa, hudar takan buɗe ta daina riƙo. Shi ya sa kabad da yawa ke yin kyau a haɗin farko, a na biyu su fara rawa, a na uku su zama itacen wuta. Maganin wannan shi ne a dasa gurbin ƙarfe ko na roba a cikin allon, sukuru ya riƙa shiga gurbin maimakon ya ci katakon.

Akwai kuma nau'in da ya fi kowanne sauƙi, na bututun ƙarfe da mahaɗan roba da rigar yadi mai zif, wanda ɗalibai da 'yan hidimar ƙasa ke so. Cikin 'yan mintoci ake haɗa shi, amma ba ya jure nauyi, kuma da zarar mahaɗa ɗaya ta tsage sai duka ya durƙushe.

Matsalar da ta fi muni ita ce faɗuwa. Dogon kabad mara nauyi, in aka buɗe ƙofofinsa ko aka jawo aljihunansa, nauyinsa yakan rinjaya gaba, yaro ƙarami kuwa aljihu matakala ce a wurinsa. A watan Yuni na 2016 IKEA ya janye akwatunan tufafi masu aljihuna wajen miliyan 29 a Amurka, bayan irinsu sun faɗo sun danne ƙananan yara har an yi asarar rayuka. A ƙarshen 2022 Amurka ta kafa doka a kan haka, wadda ta fara aiki a watan Satumba na 2023. Dokar ta tilasta a gwada kayan ajiye tufafi da nauyin da ya kai na yaro mai kilo 27, da aljihuna a buɗe, kafin a sayar da su. Rigakafin da ya fi sauƙi dai shi ne ɗan ƙarfen da ake ɗaure saman kabad da bango, wanda masu saye da dama ke jefarwa tare da kwali.

Abin lura ga kafintocinmu

Irin waɗannan kaya suna shigowa kasuwanninmu, kuma babu abin da zai hana kafintan gida yin nasa, muddin ya lura da abubuwan da suka bambanta mu da masu su. Babbar riga da zane da turmin atamfa ninke su ake yi, ba ratayewa ba, saboda haka kabad ɗin da ya dace da gidan Bahaushe ya fi bukatar kantoci masu faɗi da ƙarfi a kan sandar hanga, tare da gurbin huluna da takalma. Tufafin da aka ninke aka tara kuwa nauyi gare su, doguwar kanta in ba ta da tokari a tsakiya sai ta lanƙwashe. Sa'an nan ga laimar damina, ga bushewar hunturu mai sa katako tsukewa, ga gara. Don haka ya kamata a ɗaga kabad daga ƙasa da 'yan ƙafafu, a toshe bakin kowane allo, a kuma fifita busasshen katako ko filawud mai kyau a kan allon tsaki.

Sauran aikin na ma'auni ne. Kabad mai kwancewa ba ya yafe kuskuren milimita biyu, domin babu kafinta a gidan mai saye da zai sassaƙe ya gyara. Makarantun koyon sana'a za su taimaka ƙwarai in suka horar da ɗalibansu yin huda da ma'auni guda da amfani da noti a madadin ƙusa. Shi kuwa mai saye, kafin ya biya kuɗi, ya tambayi mai kaya sau nawa za a iya kwance kabad ɗin a mayar, ya duba ko sukurorinsa suna da gurbi, ya kuma tabbatar an ba shi ƙarfen ɗaure shi da bango.