Man Suya Da Ciwon Zuciya

Duk wanda ya saba cin ƙosai a kasuwar Talata Mafara ya san yadda man gyaɗa kan yi baƙi, ya soma wari, idan aka yi ta maimaita suya da shi. Iska ce da zafi ke lalata shi. Cikin 1989 Daniel Steinberg na Amurka da abokan aikinsa suka bayyana cewa kusan haka kitsen da ke yawo cikin jini kan lalace, sa'an nan ya taru a bangon jijiya, har hanyar jinin zuciya ta ƙuntata.

Farfesa Lawal Suleiman Bilbis, mutumin ƙasar Tsafe, wanda ya shugabanci Jami'ar Usmanu Danfodiyo daga 2019 zuwa 2024, ya daɗe yana bin wannan sawu. A wani bincike na 2012, shi da mutanensa sun ɗura wa ɓeraye gishiri har jininsu ya hau, suka ba su bitamin A, C da E, aka kuwa ga sauƙi.

Amma kada ma'aikaci ya ruga kantin magani da albashinsa, domin ɓera ba mutum ba ne. Gwajin da aka yi wa mutum fiye da 9,000, wanda aka bayyana sakamakonsa cikin 2000, ya nuna ƙwayar bitamin E ba ta kare su daga ciwon zuciya ba.