Tsufan Robar da ke Shanye Igiyoyin Rada

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar taya da aka yar a rana ya san cewa roba tana tsufa, takan bushe, ta ƙandare, daga bisani ta tsattsage. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne yadda irin wannan tsufa ke shafar wata roba ta musamman wadda ake yi domin ta shanye igiyoyin maikurowef, watau igiyoyin rediyo masu gajeren zango ƙwarai, waɗanda tsawonsu ke tsakanin mita 1 da milimita 1, irin waɗanda rada da wayar salula ke aiki da su.

Roba zalla ba ta shanye wani abin kirki, igiyar ratsa ta take yi ta wuce. Sai an cuɗa ta da wani gari, kamar garin baƙin ƙarfe mai laushin gaske da ake kira kabonil, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara yi a 1925, ko kuma kunkunniyar masana'anta irin wadda ke sa taya baƙi. Garin ne ke mayar da ƙarfin igiyar ya zama ɗan zafi, ita kuwa roba aikinta shi ne ta riƙe ƙwayoyin garin, kowace a mazauninta. Jamusawa sun yi amfani da wannan dabara a Yaƙin Duniya na Biyu, inda suka lulluɓe bututun shaƙar iska na jiragensu masu nutso da irin wannan roba don kada radar abokan gaba ta gano su. A yau ana liƙa ta a jikin eriya da cikin na'urorin sadarwa.

Kafin a fahimci ɓarnar zafi, dole mai karatu ya riƙe abu guda. Ita wannan roba akan shimfiɗa ta ne a kan farantin ƙarfe, kuma akan auna kaurinta ya zama kusan rubu'in tsawon igiyar a cikin robar. Hikimar ita ce, igiyar da ta dawo daga fuskar robar da wadda ta shiga ta bugi ƙarfen ta dawo sai su haɗu a saɓe, su kashe juna. Ke nan kowane falle an ɗinka shi ne daidai da wani zango, kamar yadda tela ke ɗinka riga daidai da jikin mai ita.

To, zafi yana taɓa wannan awo ta fuskoki da dama. Roba dogayen sarƙoƙi ne da aka ƙulla da juna, galibi da farar wuta, bisa dabarar da Charles Goodyear ya gano a 1839. Idan zafi ya haɗu da iskar oksijin, ko dai sarƙoƙin su tsintsinke, robar ta yi laushi da danƙo, ko kuma ƙulle-ƙullen su ƙaru ta taurare, kamar yadda robar naitiril ke yi. Haka kuma man da aka zuba don ta yi taushi yakan tsere a hankali, sai fallen ya motse. Motsewar nan tana ja ta gefe biyu: raguwar kauri tana tura shanyewar zuwa zango mafi gajarta, cushewar garin a ƙaramin fili kuwa tana jan ta zuwa zango mafi tsawo. Wanda ya rinjaya ya danganta da irin haɗin. In kunkunniya ce a ciki, ƙwayoyinta na iya matsar juna har lantarki ya sami hanya, sai robar ta soma mayar da igiya kamar ƙarfe, abin da aka yi ta don ta hana ke nan.

Shi ma garin ƙarfen ba ya tsira. Oksijin kan bi tsagogi ya ci fuskar ƙwayoyin, ƙarfinsu na maganaɗisu ya ragu, shi ya sa masu yin sa kan lulluɓe kowace ƙwaya da siririn silika. A ganina nan ne haɗarin ya fi girma, domin fallen da ke shanye kashi 99 cikin 100 na igiya yana iya gocewa daga zangonsa alhali ido bai ga tsaga ko ɗaya ba. Robar silikon, wadda kan jure zafi har kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, ta fi sauran daɗewa, sai dai ta fi su tsada da saurin yagewa.

Da yake ba mai jiran shekara goma don ya ga sakamako, masu bincike kan sa robar a tanda mai zafin digiri 70 ko 100 na kwana uku ko bakwai ko fiye, bisa ƙa'idar gwaji ta ISO 188, sannan su sake auna ta. Suna dogara ne da lissafin Svante Arrhenius na 1889, wanda daga gare shi aka sami kintacen cewa ƙarin digiri 10 kan ninka saurin lalacewa kusan sau biyu. Amma a tanda mai tsananin zafi fatar robar kan cinye oksijin kafin ya kai ciki, sai waje ya ƙandare ciki yana nan sabo, alhali fallen da ya shekara a kan turken sadarwa cikin zafin bazarar Sakkwato ciki da waje yake tsufa tare.