Zama da Ciwon Sukari Tare da Raunin Tairod

A gaban wuyan kowane ɗan Adam, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tairod. Hausawa ba su cika saninta ba sai ta kumbura, sa'an nan su ce mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta shi ne zuba wani sinadari mai suna tairoksin a cikin jini, wanda ke tsara saurin da jiki ke sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Idan ta yi rauni, komai na jiki sai ya yi sanyi: kasala, ƙiba ba tare da ƙarin ci ba, bushewar fata, taurin bayan gida, mantuwa, da jin sanyi fiye da kima ko da hunturu bai kama ba.

Abin lura shi ne, wannan rauni yakan haɗu da ciwon sukari a jiki guda, ya kuma ɓuya a bayansa. Ma'aikacin da ke Daura ko Sandamu, wanda ya daɗe da sanin yana da sukari, in gajiya ta dame shi sai ya ɗora wa sukarin laifi, alhali kuwa wuyansa ne bai yi aikinsa ba.

Dalilan raunin manya guda biyu ne. Na farko, ƙarancin aidin a cikin abinci, domin da shi ake haɗa tairoksin. Saboda haka ne Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci tun 1993. Amma gishirin gargajiya irin na Bilma, wanda ke shigowa kasuwannin kan iyaka kamar ta Mai'aduwa, ba a cika sa masa aidin ba, don haka bai kamata gida ya dogara da shi kaɗai ba. Na biyu, garkuwar jiki ta juya ta yaƙi tairod, cutar da wani likita ɗan Japan mai suna Hashimoto ya bayyana a 1912. Irin wannan juyin ne ke kawo ciwon sukari nau'i na ɗaya, mai kama yara da samari, shi ya sa cututtukan biyu kan zo tare. Mata sun fi maza kamuwa, musamman bayan haihuwa da lokacin manyanta.

Haɗuwar tasu kuwa tana da illa. Idan tairod ta raunana, insulin yakan daɗe a jini bai fita ba, hanta kuma ta rage sukarin da take fitarwa. Mai allurar insulin sai ya riƙa samun faɗuwar sukari, watau gumi da rawar jiki da jiri, bisa adadin da ya saba yi lafiya lau. Haka kuma kitsen jini yakan hau, ga shi dama mai sukari yana cikin hatsarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga mace mai juna biyu, raunin na iya jawo ɓari ko ya taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

Ba a gane cutar da ido. Akwai awon jini da ake kira TSH, wanda ke hawa idan tairod ta gaza, ana kuwa yinsa a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da na Malam Aminu Kano. Ya dace a yi wa duk mai sukari nau'i na ɗaya wannan awo tun farkon ciwonsa, a kuma riƙa maimaitawa. Mai nau'i na biyu kuwa, a auna shi da zarar alamun sun bayyana.

Maganin ƙwaya ɗaya ce a rana, mai suna levothyroxine, galibi har iyakar rai. Ana shanta da ruwa zalla, ciki babu komai, rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin karin kumallo. Fura da nono, shayi da madara, da awara duk suna rage shigarta jini idan aka haɗa su. Maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi kuwa sai a jinkirta su sa'a huɗu. Bayan mako 6 zuwa 8 akan sake awo don a daidaita adadin. A nan ne ake bukatar kula ƙwarai, domin tairod na farfaɗowa sukari na iya hawa, sai likita ya sake duba insulin ko ƙwayoyin sukarin. Dattawa da masu ciwon zuciya akan fara musu da kaɗan, a ƙara sannu a hankali.

Da watan azumi, mai shan ƙwayar na iya shanta kafin sahur da tazarar da aka faɗa, ko lokacin kwanciya, sa'a uku bayan abinci. Batun ko zai iya azumin da sukarinsa kuwa, sai ya ga likita tun watan Sha'aban. Wanda ya ji sauƙi ya daina magani da kansa, cikin 'yan makonni kasalar za ta dawo, sukarin da aka sha wahalar daidaitawa kuma ya sake rikicewa.