Rawar Hannun Kaka: Shin Jaririna Zai Gada?

Ya ke mai juna biyu, wataƙila a gidanku akwai dattijo wanda hannunsa ke rawa ko da yana zaune, tafiyarsa ta yi nauyi, fuskarsa ta daina motsi sosai. Wasu za su ce tsufa ne, wasu su ce sammu. Sau da yawa ciwon Parkinson ne, wanda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya bayyana a 1817.

Ga yadda yake faruwa. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ƙera sinadaran furotin, kuma kullum wasu sukan lalace. Ƙwayar tana da masu shara: ana liƙa wa lalataccen furotin wata alama, sai a kai shi inda za a niƙe shi. Waɗanda suka gano wannan tsari sun sami kyautar Nobel a 2004. Idan masu sharar suka gaza, wani furotin yakan dunƙule a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, kamar yadda bola ke toshe kwata. Ƙwayoyin sai su riƙa mutuwa a hankali. Dofamin kuwa shi ke sa motsin jiki ya tafi daidai.

To, ana gadonsa? Yawancin masu ciwon ba gado suka yi ba, kuma ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60. A 2023, wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1, wadda ke cikin aikin sharar nan, a jikin 'yan Nijeriya da dama. Sauyin yana ƙara haɗari ne kawai. Da yawa masu ɗauke da shi ba sa kamuwa.

Abin da ke hannunku shi ne maganin feshi. Bincike ya alaƙanta maganin kashe ciyawa na paraquat da wannan ciwo. Ku manoman Kwanar Dangora, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, kada mai ciki ta wanke kayan mai feshi, kada kuma a zuba ruwan sha a jarkar magani.

Idan ke ce jikinki ya sanƙare ko ya kama rawa bayan shan maganin amai, ki gaya wa likita nan take. Wannan daban ne, yakan wuce idan an canza magani. Shi kuwa dattijo, ku kawo shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganin levodopa ba ya warkarwa, amma yana sassauta jiki har mutum ya iya cin abinci da yin alwala da kansa.