Jagorar Manhaja da Hausa: A Fara da Tsurar Rubutu

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, maganar mayar da takardun aiki zuwa Hausa ta shiga bakin jama'a. Akwai takardun da ba a cika tunawa da su ba: jagororin manhajojin da ake aiki da su kullum. Ma'aikacin lafiya a Matamaye ko Kance da ke shigar da alƙaluman marasa lafiya, DHIS2 yake taɓawa, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagoranta, wadda kowa ke da damar dubawa da gyarawa. Masu zagayen ƙauyuka da tambayoyi a salula kuma sun san manhajar ODK.

Abin da ke damuna shi ne ra'ayin da ya kafu a ofisoshinmu, wai takarda ba ta cika takarda ba sai an yi ta a Word, an sa mata launi, an rufe ta a PDF. Irin wannan jagora kamar buhun gero ce da aka ɗinke wa baki: in tsakuwa ta shiga, sai an farke ɗinkin kafin a tsince ta. Manhaja kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Yau an sauya wani maɓalli, gobe jagorar ta zama tsohon labari, wanda ya tsara ta kuma an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da fayil ɗin a kwamfutarsa.

Su masu DHIS2 da Markdown suke rubuta tasu jagorar. Tsurar rubutu ne da ƴan alamomi, John Gruber ya fito da shi a 2004. Duk wanda ya taɓa sa kalma tsakanin taurari a WhatsApp don ta yi kauri ya riga ya kama hanya, sai dai a Markdown taurari bibbiyu ake sawa. Fayil ɗin ba shi da nauyi, yana wucewa ko intanet na jan ƙafa, ana buɗe shi a kowace waya, kuma in mutum biyu sun yi gyara ana ganin layin da kowa ya taɓa. Muddin an adana shi a tsarin UTF-8, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba za su rikiɗe su zama wasu alamomi ba.

Markdown yana da nasa rauni, don kowane dandali ya ɗan yi masa ƙari, shi ya sa aka kafa ƙa'idar CommonMark a 2014. Babban littafi mai babi-babi da nuni daga shafi zuwa shafi ya fi dacewa da reStructuredText, wanda Python da ODK ke amfani da shi, amma koyonsa na buƙatar zama.

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar André Salifou ta Damagaram da masu niyyar wannan aiki, ku fara da Markdown, ku ajiye jagorar inda kowa zai iya gyara ta.