Shin Sararin Wofi Yana Haifar da Halitta?

Alhajin da jirgi ya ɗauka daga filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, cikin rabin sa'a zai kai nisan kilomita 11 a sama, inda kaurin iska bai kai sulusin wanda ya bari a ƙasa ba. Da kuwa jirgin zai iya wucewa har tsakanin taurari, da ya tarar da sararin da, a gurbin da bai fi kan yatsa ba, da ƙyar za a sami ƙwayar zarra guda. To, in an kwashe wannan ƙwayar ma, mene ne ya saura?

Mas'alar tsohuwa ce. Aristo ya ce wofi mustahili ne, alhali mutakallimai na Musulunci sun tafi a kan yiwuwarsa, har a 1643 Torricelli ya kifa bututun gilashi cike da zaiba a Italiya, zaibar ta sauka, ta bar gurbi a sama wanda babu iska a cikinsa. Sai dai malaman fiziks na ƙarni na 20 sun tarar cewa gurbin nan ba ya natsuwa, domin ƙa'idar da Heisenberg ya kafa a 1927 ta hukunta cewa ƙarfin da ke shimfiɗe cikin sarari ba ya taɓa tsayawa cik a kan sifiri. A 1948 Hendrik Casimir, mutumin Holan, ya lissafa cewa in aka jera faranti biyu na ƙarfe cikin wofi, babu lantarki a jikinsu, tazararsu kuma ta gaza kaurin silin gashi nesa ba kusa ba, za su jawo juna da kansu. A 1997 Steve Lamoreaux ya auna wannan ja a Amurka, awon ya dace da lissafin. Wannan an gani, an auna.

Daga nan ne zato ya fara. A 1948 ɗin dai Hoyle da Bondi da Gold suka ce sabuwar zarra tana ɓullowa a sarari kullum don cike gurbin da buɗewar sammai ke bari, ra'ayin da ya rushe bayan 1965, sa'ad da Penzias da Wilson suka gano sauran ɗumin farkon halitta. A 1973 Edward Tryon ya zo da maganar da ta fi wannan ƙarfin hali, ya ce la'alla duniya ɗungurungum, da taurarinta da shekarunta biliyan 13.8, motsi guda ne daga motsin wofi. Hujjarsa lissafi ce: ƙarfin da ke daskare cikin jikkuna riba ne, ƙarfin jan da ke tsakaninsu bashi ne, in an haɗa su ana iya tashi babu kome, kamar yadda katangar gidan ƙasa da kududdufin da aka haƙo ƙasarta, in aka mayar da wannan cikin wancan, fili zai koma yadda yake. Alexander Vilenkin ya ƙara gaba a 1982, ya ce sararin kansa ma yana iya fitowa daga babu.

Almajirin da ya sauke Ummul Barahin ta Shehu Sanusi a zauren malaminsa, a Gwandu ko Argungu, ba zai daɗe ba zai ga inda gizo ke saƙar, domin an koya masa cewa duk abin da yake ɗauke da sifofi masu sauyawa, kamar motsi da natsuwa, fararre ne. Sararin da yake da ƙarfi, yake motsi, yake bin ƙa'ida, ai samamme ne, ba shi ne rashin da malaman tauhidi suke nufi ba in sun ce Allah Ya fitar da halitta daga babu. Wannan suka ba ta tsaya ga malaman addini ba: da Lawrence Krauss ya fitar da littafinsa kan batun a 2012, David Albert, malamin falsafa wanda ya ƙware a fiziks, da irin wannan hujja ya ƙalubalance shi, kuma a ganina gaskiya tana wajensa.

Ɗalibanmu na kimiyya a Aliero da Birnin Kebbi su karanci waɗannan nazarce-nazarce ba tare da fargaba ba, amma su riƙa rarrabewa: lissafin Casimir an auna shi a ɗakin gwaji, maganar Tryon da ta Vilenkin kuwa har yau babu na'urar da ta jarraba su.